Sai da ya auna waya da metir kafin ya taɓa kwamfutata

Ina da shagon kayan gini da na lantarki kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Siminti, rodi, kwano, fenti, ƙusa, wayar wuta da bututun ruwa nake sayarwa, shekara 19 ke nan. Cikin watan nan mutum 3 sun tare ni suna tambaya wa ya gyara mini manhajar da nake ciniki da ita, nawa ya karɓa, kuma ko ya cancanci a kai masa aiki. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunansa ba, don bai san ina wannan rubutun ba. Ɗaki ɗaya ne a Sabon Gari, shi da wata abokiyar aikinsa, tebur 2 da fanka da tarin tsofaffin kwamfutoci a ƙasa. Aikinsu rubuta manhajar da ke zama a cikin kwamfuta, irin ta shago da farmasi da makaranta, da gyara wadda wani ya rubuta ya tafi ya bari. Ni Injiniya nake ce masa.

Manhajar tawa wani ɗalibi ne ya rubuta mini ita a 2018, ɗan maƙwabcina, lokacin yana jami'ar nan ta garinmu. Da Visual Basic 6 ya yi ta, harshen da ya fito tun 1998, bayanan kuma suna zaune cikin fayil guda na Access, manhajar ajiye bayanai ta Microsoft. A lokacin ban san waɗannan sunaye ba. Abin da na sani, in an sayar da buhun siminti tana rage buhu ɗaya, in maso ya ɗauki kaya bashi tana riƙe sunansa da ranar da ya ce zai biya. Shekara 6 ta yi mini aiki, kuma tsakani da Allah yaron ya yi iya saninsa. Daga baya ya tafi Yamai, daga can ya fita waje, lambarsa ta daina shiga.

Tun daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ɗaukewar kuran ta yi yawa, tsohuwar kwamfutar kuma irin ta tebur ce, ba batir, ba ondula mai riƙe mata wuta in an ɗauke. Wuta na tafiya take mutuwa, ko ana tsakiyar buga rasit. Cikin Afrilun 2024, ana tsananin bazara, ta mutu da azahar, ba ta sake tashi ba. Hankalina bai tashi sosai ba, don kowace Alhamis da yamma, bayan an watse daga kasuwa, ina kwafe jakar manhajar gaba ɗaya a kile, ɗan abin ajiyar nan na USB, in sa a aljihu. Na sa aka zo mini da kwamfutar cinya ta hannu daga Kano, mai Windows 10, na kai wa wani mai gyara a kasuwa ya ɗora mini manhajar daga kilen.

Da farko ta ƙi buɗewa, tana cewa wani fayil mai suna MSCOMCTL.OCX babu shi. Ya yi kwana ɗaya a kai, ta buɗe. Da na duba sai na ga kaya iri 11 da masu bashi 2, waɗanda ɗalibin ya shigar don gwaji tun ranar farko. Cinikin shekara 6 babu, bashin da ya haura miliyan 4 na sefa babu. Mai gyaran ya ce birus ne ya cinye, maganin a yi fomate, wato a goge duk abin da ke cikin kwamfutar a sake ɗorawa. Aka yi fomate, na biya jika 5, aka sake ɗorawa, abu na nan yadda yake. Na koma littafin takarda, wanda rabin bashin ne kawai a ciki, na ƙirga kayan shago da hannu, muka shigar daga farko, muka ci gaba.

Daga nan ne abin da ya fi ci mini rai ya fara. Ɗan ƙanwata ne ke zama a kan kwamfutar, tun yana ɗan shekara 15 yake hannuna. Kullum da dare in na buɗe lissafin yini sai in ga ragin da ba na hankali ba. Waya ta jika 10, an karɓi jika 1, ragi jika 9. Ƙusa ta jika 6, an karɓi dala 120. Na tambaye shi, ya ce, “Kawu, kwamfutar ce ke ƙara kuɗi, ni kuma ina rubuta abin da mutum ya biya.” Ban yarda ba. A raina na ce na'ura ba ta da aljihu. Wata 2 ina kallonsa da wani ido, na daina bar masa makulli, har na fara tunanin yadda zan tunkari uwarsa da maganar. Ana haka kuma manhajar ta nuna mini wani maso na Mirya ya wuce ranar biya da mako 3. Na aika masa da saƙo mai zafi. Ya zo da kansa ya ce, “Alhaji, 5 ga Yuni muka yi da kai, yau 28 ga Mayu.” Gaskiyarsa ce. Mutumin da muka shekara 10 muna hulɗa, sai da na bi shi har gida na ba shi haƙuri.

Wani mai farmasi da muke sallah masallaci ɗaya ne ya ce in je wurin Injiniya. Na ɗauki kwamfutar na kai masa, ya ce in mayar da ita shago, shi zai zo, don yana so ya ga inda take aiki da mai aiki da ita. Wannan ne abu na farko da ya bambanta shi da waɗanda na saba gani.

Ya zo da hantsi. Bai buɗe komai ba sai da ya sa ni na ba shi labari tun daga mutuwar tsohuwar kwamfuta, yana rubutawa a ɗan littafi: yaushe abin ya fara, me aka canza kafin ya fara, kullum yake faruwa ko wani lokaci. Sannan ya karɓi lissafin kwana 10, ya bi layi-layi da biro yana sa alama a duk inda ragin ya yi yawa. Can ya ɗago ya ce, “Alhaji, ka lura siminti bai taɓa shiga ciki ba? Kwano ma haka, fenti ma haka. Waya ce da ƙusa da bututu kawai.” Ban lura ba. Ya ce, “A ba ni metir.”

Kwamfuta ta ce wani nadin waya mai metir 100 saura metir 15 a cikinsa. Shi da ɗan ƙanwata suka warware shi a ƙofar shago, mutane na wucewa suna kallo, suka auna. Metir 73 da rabi. Waya tana nan, ba wanda ya ɗauka. Ya dawo ciki ya ce wa yaron ya sayar masa da metir 2 da rabi yadda ya saba. Yaron ya buga 2,5 kamar yadda aka koya wa kowannenmu a lakol. Manhajar ta lissafa 25. Injiniya ya goge ya buga 2.5 da ɗigo, ta lissafa daidai.

Ga bayanin kamar yadda ya yi mini, kuma na riƙe shi don ya kusa raba ni da ɗan ƴar'uwata. Mu da muka yi karatu da Faransanci waƙafi muke sawa tsakanin cikakkiyar lamba da gutsurenta. Masu Ingilishi ɗigo suke sawa, waƙafi a wurinsu na raba dubbai ne, ana iya tsallake shi. Windows tana da wurin da ake gaya mata tsarin wace ƙasa za ta bi. Tsohuwar kwamfutata tana kan tsarin Faransa, wadda aka kawo daga Kano tana kan tsarin Amurka. Manhajar kuma ba ta da ra'ayin kanta, duk abin da aka buga sai ta miƙa wa tsarin kwamfutar ya fassara mata. Sai 2,5 ya zama 25, rabin kilo na ƙusa, 0,5, ya zama kilo 5. Waya dala 80 ce metir a lokacin, wato sefa 400, metir 2 da rabi jika 1 ke nan, ita kuwa ta ce jika 10. Yaron ya ga kuɗin ya wuce hankali, ya rubuta abin da ya karɓa na gaskiya, ita kuma ta zuba bambancin a gidan ragi. Siminti bai shiga ba saboda ba mai sayen rabin buhu a wurina.

Maganar mason Mirya ma daga rijiya ɗaya ta fito. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa. An buga 05/06, mu muna nufin 5 ga Yuni, ita ta karanta 6 ga Mayu. Abin da ya sa ba a gane da wuri ba, in ranar ta wuce 12, kamar 20/06, babu wata na 20, sai ta juya da kanta ta karanta daidai. Kwana 12 na farkon kowane wata ne kawai take birkitawa, sauran kwanakin lafiya lau. Cuta mai zuwa tana tafiya ta fi wuyar kamawa.

Minti 2 ya ɗauka ya mayar da tsarin kwamfutar kan Faransanci, lissafi ya daidaita. Da ya so, da ya ɗauke ta ya tafi da ita kwana 3 ya dawo ya ce ya sha wahala, kuma da na biya ban yi musu ba. Sai ya ce, “Alhaji, wannan ɗaurin rauni ne kawai. Ranar da wani ya sake taɓa wurin nan, ko ka sake kwamfuta, abin zai dawo. Gyaran gaske a cikin manhajar yake.”

Ni dai a lokacin ba manhaja ce a gabana ba. Da ya fita sallar azahar na kira yaron ciki na ce masa ya yafe mini, na zarge shi a raina wata 2. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Kawu, ai na sani.” Wannan “na sani” ɗin har yau yana damuna. Zato zunubi ne, mun sha ji a wurin malamai, amma da takarda mai lambobi a hannuna na ɗauka hujja gare ni.

Da la'asar ya tambayi inda tsohuwar kwamfutar take. Tana bayan shago ƙarƙashin buhunan banza, saura kaɗan in ba masu sayen ƙarfe. Ya kwance ta, ya ciro faifan ajiyarta, ya sa shi cikin wani ɗan akwati mai waya ya haɗa da tasa kwamfutar. Abin da ya ƙone daban, faifan lafiyarsa ƙalau. Ya shiga jakar da nake kwafewa kowace Alhamis, ya nuna mini ranar da aka taɓa fayil ɗin bayanan a karo na ƙarshe: 2018. Shekara 6 ina ɗaukar fanko ina sawa a aljihu. Sannan ya bi wata hanya can cikin jakar mai amfani da kwamfutar, AppData, Local, har wata jaka mai suna VirtualStore. Ga fayil mai suna iri ɗaya, ya ninka wancan girma nesa ba kusa ba, ranarsa ta ƙarshe kuma ranar da kwamfutar ta mutu.

Dalilin shi ne, tun daga Windows Vista ba a barin manhaja ta riƙa rubutu cikin jakar Program Files yadda ta ga dama, don tsaro. To akwai tsofaffin manhajoji da yawa da aka gina su a kan rubutu a can. Don kada su daina aiki, sai Windows ta riƙa karkatar da rubutunsu zuwa VirtualStore ba tare da sanarwa ba, manhajar na ganin kamar a wurinta na da take rubutawa. Ɗalibin ya ajiye fayil ɗin bayanan a Program Files, ya nuna mini nan ya ce in riƙa kwafewa, shi ma bai san an karkatar ba. Babu birus ko ɗaya. Da tsohuwar kwamfutar aka yi wa fomate, da bashin miliyan 4 ya tafi har abada. Ina roƙon duk mai shago da ke karanta wannan, in an ce maka fomate, ka tambaya me aka gani, kuma ina bayananka za su kwana kafin a yi.

Yadda ya bi da fayil ɗin ma abin lura ne. Bai buɗe shi ba sai da ya kwafe shi wuri 2, ya ce ba a yin tiyata a kan abin da ba shi da na biyu. Fayil ɗin ya ɗan taɓu saboda yawan ɗaukewar wuta, ya bi da shi ta hanyar gyaran da Access ke da ita, ya buɗe. Amma ya gano ciniki 14 da aka rage kaya a ma'aji ba a rubuta bashin a kan kowa ba. Manhajar tana yin aikin ne taki biyu, ta rage kaya, sannan ta rubuta bashi. In wuta ta tafi a tsakani, na farko ya shiga, na biyu bai shiga ba. Guda 9 mun gano masu su daga littafin takarda da tunanin yaron, 5 sun bi ruwa. A kan faifan nan kuma ya tsinci asalin rubutun manhajar, wanda ɗalibin ya bari cikin wata jaka. Ya ce wannan sa'a ce babba, don in babu shi gyara sai dai daga waje. Duk aikin ranar, da haɗe tsofaffin bayanai da na wata 2 da muka shigar, jika 25 ya karɓa. Ban taɓa fitar da kuɗin da ya yi mini daɗin fitarwa kamar wannan ba.

Sai maganar gaba. Ya ce zai iya toshe ramukan tsohuwar a kan kuɗi kaɗan, amma akwai abin da ba zai gyaru cikin sauƙi ba, ya kuma nuna mini. Ƴata ta taɓa rubuta jerin kayan shago da Hausa a Word, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, da aka zuba a manhajar sai ƙusa ta koma “?usa”, ƙofa ta koma “?ofa”. Akwatunan rubutu na Visual Basic 6 suna aiki ne da tsohon jerin haruffa na Turai ta Yamma, mai gurbi 256 kacal. Akwai é da ç na Faransanci a ciki, babu haruffanmu masu lanƙwasa, duk wanda ba ta sani ba sai ta sa alamar tambaya. Saboda haka a ma'ajina ƙusa ta rabu gida 3, “kusa” da “k'usa” da “?usa”, kowace da nata lissafi. Sunaye irin su Ɗayyabu da Ɗanjuma ma haka, mutum ɗaya bashinsa a wuri 2. Tsarin Unicode, wanda wayoyinmu ke amfani da shi, yana da gurbin kowane harafinmu. Na yi shawara da ƴata da yaron, muka ce a sake ginawa.

Sun rubuta sabuwar da wani harshen da ake kira C#, bayanan a wata ma'ajiyar bayanai mai suna SQLite. Jika 250, biya 3. Abokiyar aikinsa ce ta ɗauki kwashe bayanai, kuma ita ce ta fi shi haƙuri da mu. Kwana 4 tana zuwa shago tana zama da yaron suna haɗe sunayen da suka rabu, tana tambayata, “Baba, wannan da wannan mutum ɗaya ne?” Ba ta haɗe ko ɗaya da ka ba. Yanzu ko 2,5 aka buga ko 2.5, abu ɗaya take fahimta, kuma kafin a buga rasit tana rubuta “metir 2 da rabi” da manyan baƙaƙe. Kwanan wata ba a buga shi da hannu, daga kalanda ake zaɓa, sunan watan na fitowa. Firintar rasit, irin mai takarda mai faɗin milimita 80, ita ma ba ta san ƙ ba, sai suka sa rasit ɗin ya riƙa fita a matsayin hoto. Ya ɗan fi jinkiri, amma sunan mutum na fita daidai. Takardar nan dai zafin Damagaram na cinye rubutunta cikin ƴan watanni, don haka babban bashi har yanzu ina sa a sa hannu a littafi.

Ranar da suka kawo sabuwar manhajar, ya cire batirin kwamfutar, ya sa yaron ya fara cinikin bashi, ana danna maɓallin ƙarshe ya fizge waya daga bango. Sau 6 ya yi haka a gabana. Kowane karo in an kunna, ko cinikin ya shiga dukansa, kaya da bashi, ko bai shiga ba sam. Ya ce an ɗaure takun biyu sun zama ƙulli ɗaya, rabi ba ya zama. Gani ya kori ji. Duk da haka ya sa na sayi sabon batir. Lissafin wata, wanda da in an danna shi tagar ke yin fari ta sandare har Windows ta ce ba ta amsawa, yanzu yana tafiya a bayan fage ana ci gaba da ciniki. Ya ce Windows na jiran daƙiƙa 5 ne, in taga ba ta amsa ba sai ta sa mata wannan alamar, ko da aiki take yi. Akwai kuma wani fayil da manhajar ke rubuta duk kuskuren da ya faru da lokacinsa. In abu ya faru, hotonsa muke ɗauka mu tura ta WhatsApp, ba sai mun tsaya muna cewa “ta ƙi” ba. Ajiyar bayanai da kanta take yi a kile in za a rufe shago, kuma ya koya wa ƴata yadda za ta buɗe ajiyar a wata kwamfuta sau ɗaya a wata ta ga cinikin jiya a ciki da idonta. Asalin rubutun manhajar ya ba ni a kile 2, ya ce in ya mutu ko ya bar gari kada in sake zama maraya.

To, ga inda suka gaza, don wanda zai je ya tafi da saninsa.

Ba su riƙe alkawarin lokaci. Mako 3 ya ce, sai da aka yi mako 7. Su 2 ne kawai, shi kuma yana koyarwa a wata makaranta, ranakun da yake aji ko ka kira sau 10 ba zai ɗauka ba. Da ya ce mini mako 7 tun farko da ban ji komai ba, jiran da ba ka san ƙarshensa ba ne ke gajiyar da mutum. Sau 2 ya ce zai zo bayan la'asar, na zauna har magariba.

Na biyu, sabuwar manhajar ta zo da nata kuskure. In mutum ya mayar da kaya, maimakon ta ƙara a ma'aji sai ta sake ragewa. Yaron ne ya gano a mako na 2, da wani ya dawo da kwano 4. Wanda ya fizge waya sau 6 don gwaji bai gwada mayar da kaya ko sau ɗaya ba, alhali a shagon kayan gini kullum sai an dawo da wani abu. Bai yi gardama ba, ya ce laifinsa ne, alama ɗaya ce ya juya, bai karɓi ko dala ba. Amma kwana 4 muka yi muna rubuta kayan da aka mayar a takarda kafin ya zo. Akwai kuma bambancin sefa 1 da ke fitowa a wasu faktir in an sa harajin TVA na kashi 19 cikin 100, saboda a kowane layi take cike gutsuren lamba maimakon a jimla. Ni bai dame ni ba, amma wani akawun kamfani ya dawo mini da takarda a kansa. An gyara daga baya.

Na uku, in bayani ya yi zurfi sai ya zarce da Faransanci irin na masu sana'arsu, sai na tsayar da shi na ce ya dawo Hausa. Yana iyawa sarai in an matsa masa, duk bayanan da na kawo a sama da Hausa ya yi mini su. Maɓallan manhajar ma da Faransanci suka fara zuwa, sai da na ce a mayar da su Hausa, tunda an sha wahalar haruffanmu. Ba mu kuma rubuta yarjejeniya ba, da baki muka yi komai. Bai cuce ni ba, amma da aka zo maganar ko gyaran shekara ta biyu kyauta ne ko da kuɗi, kowa da abin da ya tuna. Mun daidaita a kan jika 30 a shekara. Wanda zai je ya sa a rubuta, ko a rabin takarda ne.

Kuɗin sake ginawa ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin butik, kuma ba kowa ke bukatarsa ba. Mai farmasin da ya tura ni toshe masa tsohuwar kawai aka yi, a kan jika 40, tana nan tana aiki. In matsalarka gilashi ne ya fashe ko kwamfuta ba ta kamawa, ba wurinsu za ka ba, ba sa wannan, kasuwa za su mayar da kai. In kuwa manhaja ce ke ba ka lissafin da bai yi kama da abin da ke kan kanta ba, ko take rufewa da kanta, ko ta ƙi tashi a sabuwar kwamfuta, to ka je. Ka tafi da hoton saƙon da ta nuna, ka tuna ranar da abin ya fara da abin da aka canza kafin nan, kuma kada ka rabu da tsohuwar kwamfutarka ko da ta ƙone.

Abu 2 ke tsakaninmu yanzu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kwamfutar da na sayo kuma ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ya ce ko in raba ta da intanet kwata-kwata ta zama ta ciniki kawai, ko in sake wata, manhajar za ta bi ni duk inda na koma. Na raba ta da intanet, sayen wata sai bayan damina. Ɗayan kuma ɗan littafin bayani ne da Hausa, shafi 5 ko 6, wanda in yaron ba ya nan wani zai duba ya iya buga rasit da karɓar biyan bashi. Tun ranar da na cika kuɗin ƙarshe ya ce zai kawo. Na tuna masa sau 3. Ranar Alhamis in an tashi daga kasuwa zan bi ta Sabon Gari da kaina.